Bert Trautmann: Fursunan Yaƙin da Ya Tsare Gidan Manchester City

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, cikin dubban sojojin Jamus da Ingila ta tsare akwai wani saurayi mutumin Bremen, Bert Trautmann, wanda ya shiga soja a 1941, ya yi yaƙi a fagen Rasha cikin rundunar sojojin lema har aka ba shi lambar jarumtaka. A sansanin fursunoni na lardin Lancashire ya fara tsaron gida a wasan ƙwallon ƙafa, kuma da aka sallame shi a 1948 sai ya zaɓi zama cikin mutanen da jiya-jiya yake yaƙa, yana yi wa ƙaramin kulob na St Helens Town wasa.

Da Manchester City ta ɗauke shi a 1949, gari ya ɗauki zafi, domin birnin ya sha ruwan bama-bamai, ga kuma Yahudawa masu yawa a cikinsa waɗanda makokinsu bai ƙare ba. Mutane wajen 20,000 suka fito zanga-zanga. A nan ne malamin Yahudawan birnin, Alexander Altmann, wanda shi kansa gudun zaluncin Hitila ya kawo shi Ingila, ya rubuta wa jama'a wasiƙa a jarida yana nasiha da kada a ɗora wa mutum guda alhakin al'umma, a hukunta kowa bisa aikinsa. A ganina wannan adalci, da ya fito daga bakin wanda ya fi kowa hujjar yin fushi, shi ne mabuɗin dukkan abin da ya biyo baya.

Jarrabawarsa mafi girma ta zo a 1956, a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Birmingham City a Wembley, inda saura minti 17 a tashi ya faɗa ƙafafun ɗan wasan Birmingham, Peter Murphy, gwiwa ta same shi a wuya. Da yake a zamanin nan ba a canjin ɗan wasa, sai ya miƙe yana tangaɗi, yana dafe da wuya, ya tsare ragarsa har City ta ci 3 da 1. Bayan kwanaki hoton asibiti ya bayyana cewa ƙashin wuyan ya karye.

Ya buga wa City wasa 545 kafin ya bari a 1964, daga baya ya koyar da ƙwallo a Burma, Tanzaniya, Laberiya da Pakistan. Jamus kuwa ba ta taɓa sa shi cikin ƙungiyarta ba, sabili da a waje yake wasa. Ya rasu a Sifaniya a 2013, yana da shekara 89.