Gado da tebur na tsohon katako da ƙarfe: abin da mai saye zai duba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ta birnin Yamai ya san ba a cika zubar da abu a can ba. Tano da ya gama aikinsa ya koma akwati ko murhu, tsohuwar ƙofa ta sami mai saye, faleti kuma, wato dandamalin katakon da ake ɗora kayan kwantena a kansa, a ɓaɓɓalle shi a jera. Daga irin waɗannan kaya ne kafintoci da masu walda ke haɗa tebur, benci, kanta da gado, ƙafafu na ƙarfe, sama na katako. Haka ake yi a Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Dalilin farko kuɗi ne. Nijar ba ta da dajin da za a yanko falanki mai yawa, galibin katakon aiki daga ƙasashen kudu yake shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka da Benin, kaya da yawa suka bar hanyar Kwatano suka koma ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru. Uban da ke haɗa wa ƴarsa kayan ɗaki ya ji wannan a aljihunsa.

Amma tsohon katako yana da wata fa'ida da ta wuce araha: ya riga ya bushe. Ɗanyen falanki da ya fito daga ƙasa mai damshi, in ya gamu da iskar hunturu sai ya tsuke, ya tanƙware, wani lokaci ya tsage daidai wurin ƙusa. Wanda ya shekara da shekaru cikin zafin nan ya gama yawancin wannan motsi. Ga kuma kayan kanti masu ƙyalli da ake yi da dusar katako da aka danne da gam, waɗanda in ruwa ya shige su sai su kumbura su marmashe, babu kafintan da zai iya mayar da su. Tebur mai ƙafar ƙarfe kuwa, in falanki ɗaya ya lalace, a kwance shi a sa wani.

Inda ake bukatar lura shi ne asalin katakon. Faletin da ya tsallaka ƙasashe yana ɗauke da hatimi a gefensa, bisa wata ƙa'idar duniya ta kare tsirrai da aka amince da ita a 2002. Idan an ga HT a jiki, an gasa katakon ne har cikinsa ya kai digiri 56 na aƙalla minti 30 don kashe ƙwari, ba a sa masa magani ba. Idan MB ne, an turara shi da iskar guba mai suna methyl bromide, wadda Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2010. Masu taka-tsantsan ba su yin teburin cin abinci ko gadon jariri da irinsa. Sai dai hatimin bai faɗin abin da faletin ya ɗauka daga baya. Wanda ke da tabon mai, ko yake warin maganin ƙwari, a bar shi. Guntayensa ma kada su shiga murhun girki, abin da ake yawan yi saboda tsadar itace.

Yawancin faleti katako ne mai laushi, kuma gara na son sa. Ƙafar ƙarfe tana ɗaga shi daga ƙasa, amma gara na iya gina hanyarta ta hau, don haka a riƙa leƙa ƙarƙashi, musamman da damina. Tsohuwar azarar giginya da aka ciro daga rufin soro ta fi jure mata nesa ba kusa ba, sai dai tana da wuyar gogewa, kuma tsiyayenta na soke hannu.

Aikin yana cin lokaci. Sai an zare kowace ƙusa, domin guda ɗaya da ta ɓuya tana iya lalata bakin injin goge katako. Shi ya sa wani lokaci kuɗin aikin ke kusan cinye rangwamen da aka samu a kaya, mai saye ya yi ta mamakin yadda "tsohon abu" ya yi wannan tsada.

A ɓangaren ƙarfe, a juya tebur ɗin a duba waldar. Mai kyau tana tafiya a jere ta zagaye mahaɗa. Wadda aka ɗiga nan da can aka rufe da fenti, ita ce ke ɓallewa ranar da baƙi suka cika benci. Bututu mai siririn bango ya fi araha, amma yana lanƙwashewa, kuma tsatsa na huda shi da wuri. A tambaya ko an kankare tsohuwar tsatsa an shafa jan fentin da ke hana ta kafin a sa na ado. A kuma ga cewa an toshe bakin ƙafafun, don kada ruwan wanke ɗaki ya taru a ciki ya ci ƙarfen daga ƙasa.