Me Ya Sa Gama-garin Mutane Ba Su da Sihiri a Labaran Ƙage?

Masu karatun labaran ƙage na al'ajabi, wato waɗanda ake ginawa a kan aljanu da matsafa da abubuwan da hankali ba ya ɗauka, sun daɗe suna muhawara a kan dalilin da ya sa mutum ɗaya ko biyu ne ke da sihiri a labari, alhali manoma da 'yan kasuwa da sauran jama'ar gari ba su da komai. Bayan fitowar littafin farko na Harry Potter a Ingila a 1997, amsar da ta fi yaɗuwa a tsakanin masoyansa ita ce sihiri a jini yake, har a 2005 wasu masana daga Ostareliya suka aika wa mujallar kimiyya ta Nature wasiƙa suna kwatanta shi da ƙwayar gado mai ɓuya, wadda ba ta bayyana sai ɗa ya same ta daga uwa da uba duka.

Wannan bayani bai dace da tunanin Bahaushe ba sai a wuri guda, wato maita, wadda aka yi imani ana shan ta a nonon uwa, kuma ba baiwa ce da ake alfahari da ita ba. A sauran fagagen, kalmar da Bahaushe ya zaɓa ita ce take ɗauke da amsar, domin abin da yake kira asiri, kalmar da ta fito daga Larabci, ma'anarta ta farko ita ce abin da aka ɓoye, kuma ranar da ya tonu ƙarfinsa ya ƙare. A garuruwa irin su Tafoki da sauran ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a ƙasar Katsina, inda farauta da ƙira suka daɗe da zama sana'o'in gado, an san cewa maƙeri ne ake dangantawa da wasa da wuta, ɗan tauri da karya kaifin ƙarfe, maharbi kuma da layar zana da baduhu, waɗanda aka ce suna ɓatar da mutum daga idon abokin gaba. Kowane gida yana riƙe da nasa, ba ya bayarwa sai ga ɗan da ya jure hidima, kuma tare da sharaɗi mai tsanani na abin da ba za a ci ba ko ba za a kusanta ba. Ke nan talakan cikin labari ya rasa sihiri ne saboda ba a faɗa masa ba, ko kuma ba zai iya biyan farashinsa ba. A bori ma iska ce take zaɓen dokinta, sau da yawa ta hanyar ciwo, kafin a yi wa mutum girka.

Rubutaccen adabi ya bi wannan sawu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, waɗanda suka fito a 1934 bayan gasar rubuta labarai da wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a 1933, jaruman 'yan Adam ne da suka shiga duniyar aljanu ta hanyar doguwar tafiya da wahala. Abin lura kuma shi ne Gizo, gogan tatsuniya, da wayo yake kayar da zaki da kura, kamar dai magabata sun so yaro ya fahimci cewa dabara ita ce makamin marar ƙarfi. Musulunci ya ƙara wani dalili mai nauyi, tun da ya haramta sihiri, shi ya sa a littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano boka yakan kasance a ɓangaren azzalumin sarki, jarumi kuwa da addu'a da takobi yake cin nasara.

Ra'ayin asiri ya fi na jini amfani ga marubuci, domin yana haifar da tambayoyin da ke tafiyar da labari: wa ya ɓoye, wa aka hana, me zai faru idan almajiri ya karya sharaɗi. Matasan marubutan ƙasar Katsina su zauna da tsofaffin maharba da maƙeran garuruwansu, su rubuta abin da suka ji tun waɗannan dattawa suna raye.