Kwaɗon da ke Bakin Ƙofar Masana'anta

Duk lokacin da gobara ta tashi a masana'anta, tambayar da ke fara fitowa daga bakin jama'a ita ce me ya haddasa ta, ko wayar lantarki ce, ko janareta, ko guntun taba. Tambaya ce mai amfani, amma amsarta ba ta bayyana dalilin da ya sa wata gobarar ke tsayawa ga dukiya, wata kuma ta jefa gari guda cikin makoki. Inda ake tara auduga da roba da soso da fenti kusa da injuna masu zafi, wuta za ta tashi wata rana komai kular da ake yi. Abin da ke raba mai tsira da mamaci shi ne ko akwai hanyar fita a buɗe cikin 'yan mintocin farko.

Ranar 25 ga Maris 1911 wuta ta kama masana'antar ɗinki ta Triangle da ke New York a Amurka, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙi da suka yi ƙaura zuwa ƙasar. An kulle ɗaya daga cikin ƙofofin hawa na tara don kada a fita da kaya a ɓoye, tsanin 'yan kwana-kwana kuma bai wuce hawa na shida ba. Bayan shekara ɗari, a Satumba 2012, fiye da mutum 250 suka halaka a masana'antar tufafi ta Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan, inda tagogi ke da ƙarafuna, ƙofofi kuma a garƙame. A Nuwamban wannan shekarar aka rasa aƙalla mutum 112 a masana'antar Tazreen kusa da Dhaka a Bangaladash. A can ƙararrawa ta yi ƙara, amma wasu manajoji suka ce wa ma'aikata su koma bakin aiki, alhali matakalun benen suna sauka ne zuwa hawan ƙasa, inda zare da yadi ke ci da wuta. Mu ma abin bai tsallake mu ba, domin a Satumba 2002 ma'aikatan dare gommai sun mutu a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, waɗanda suka tsira kuma suka ce an kulle su ne a ciki.

Abin da ya sa mintocin farko ke da wannan nauyi shi ne hayaƙi. Yawancin masu mutuwa a gobarar cikin gini hayaƙi ne ke kayar da su tun wutar ba ta iso ba. Sosan katifa da roba da nailan suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke rufe ido ya ɗauke numfashi, ga shi kuma wutar lantarki kan ɗauke a daidai lokacin. Mutumin da ke laluben bango cikin duhu yana tari ba zai iya neman maigadin da ke riƙe da makulli ba. Hayaƙi sama yake yi, shi ya sa ake koya wa ma'aikata su sunkuya ko su yi rarrafe, amma rarrafen ba ya da amfani in ya ƙare a gaban kwaɗo.

Mai masana'anta zai ce sata ce ta tilasta shi, kuma ba ƙarya yake yi ba, ana satar kaya, asarar ma tana da ciwo. Sai dai an daɗe da samun maganin wannan. Akwai ƙofa mai sandar ƙarfe a gicciye wadda ba ta buɗuwa daga waje, amma daga ciki da an tura ta sai ta buɗe, ana kuma iya haɗa ta da jiniya ta yadda duk wanda ya bi ta za a ji. Kuɗinta bai kai na inji guda ba. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ma ta hana a kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta cikin sauƙi daga ciki ba muddin akwai ma'aikata a wurin. Wanda ya sa kwaɗo don tsare dilar yadi ya auna yadin da ran mutum, ya fifita yadin, ko da bai taɓa faɗa wa kansa haka ba.

Wani kuma zai nuna jajayen tukwanen kashe gobara a bango da takardar shaida a ofis. Tukunyar tana da amfani ga wutar da ba ta girma ba, a hannun wanda aka koya wa, amma cikin daƙiƙoƙi take ƙarewa. Takarda kuwa, Ali Enterprises ta samu shaidar cika ƙa'idojin aiki makonni kaɗan kafin gobarar. Abin da ya kawo sauyi na gaske a Bangaladash shi ne yarjejeniyar 2013, bayan rushewar ginin Rana Plaza, wadda ta tura injiniyoyi masu zaman kansu cikin masana'antu, ta tilasta cire kwaɗuna, ta kuma ba ma'aikaci damar ƙin yin aiki a wuri mai haɗari.

Akwai masu cewa rai da ajali na Allah ne. Haka ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa nauyin riƙo da sababi ba, balle wanda aka ba amanar rayukan mutane.

Saura atisaye, wanda ake yawan kallo a matsayin ɓata lokacin aiki. Cikin firgici mutane kan ruga zuwa ƙofar da suka saba shiga da safe, ko da akwai wata kusa da su, sai su cushe a wuri ɗaya. Atisaye ne ke sa ƙafa ta san hanya ta biyu. A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, ya kamata a yi shi da masu aikin dare da 'yan aikin wucin gadi, domin su ne aka fi mantawa da su. Kowa ya san filin da za a taru a waje, a kuma sami wanda zai fito da rajistar ranar ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, ta yadda 'yan kwana-kwana za su san ko da saura a ciki da kuma sashen da za su nufa.