Abin da Ya Sa Zara Ta Fi Uɗaridu Zafi

Malaman hisabi na zamanin da, waɗanda iliminsu ya ratso Sahara har ya iso zaurukan ƙasar Hausa, sun raba wa taurari masu tafiya ɗabi'u, suka ce Mirrihu mai zafi ne busasshe, Zuhalu mai sanyi ne, ita kuwa Zuhura, wadda muke kira Zara da magariba, Gamzaki da asuba, suka ba ta sanyi da danshi. Haka Albiruni ya tattara zancensu cikin Kitabut Tafhim a shekara ta 1029. Allah Ya jiƙan magabata, sun yi ijtihadi gwargwadon abin da ido ya nuna musu, amma da ma'auni ya zo sai hukuncin ya juye, domin Mirrihu ya fito da matsakaicin sanyi na digiri 60 ƙasa da sifiri, Zara kuwa ta zama mafi zafin duk duniyoyin da ke kewaya rana.

Sababi na farko na zafin kowace duniya shi ne nisanta daga rana, kuma ƙa'idarsa tabbatacciya ce: duk duniyar da ta ninka wata nisa daga rana, rubu'in hasken da waccan ke samu kaɗai ke isa gare ta. Shi ya sa Mushtari, mai nisan kilomita miliyan 778, saman gizagizansa ke kan digiri 110 ƙasa da sifiri. Sai dai wanda ya tsaya a kan nisa kawai, mutumin Ɗan Issa ma ya isa ya kayar da shi a muhawara. A farkon Janairu ne duniyarmu ta fi kusantar rana, kilomita miliyan 147, alhali kuwa a lokacin ne hunturu ke tsananta, masu sammakon bin hanyar Jibiya suna rufe kunnuwa da rawani, saboda duniya a karkace take, hasken yana sauko mana a gicciye. Har ila yau, sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai bisa kan mutanen Madarunfa, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Na farko bazara ce mai wuce digiri 40, na biyu kuwa marka ce mai sauƙin zafi, tun da gizagizai na mayar da wani kaso na hasken sama tun bai taɓa ƙasa ba.

To, a nan ne mas'alar Zara ke da ban mamaki. Uɗaridu, wanda ya fi kowa kusa da rana, kilomita miliyan 58, yana kaiwa digiri 430 da rana, amma da yake ba shi da iskar kirki da ta lulluɓe shi, kuma darensa ɗaya ya kai kwana 88 na lissafinmu, sai zafin ya tsere, ya faɗi zuwa digiri 180 ƙasa da sifiri. Zara tana da nisan kilomita miliyan 108 daga rana, kuma gizagizanta suna mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken da ya same ta, wanda shi ne asirin ƙyallinta da ke burge mu, don haka bisa ƙiyasi ya kamata ta yi sanyi. Amma duk da haka doronta na kan digiri 465, dare da rana, zafin da ya isa ya narkar da dalma. Illar kuwa ita ce iskarta, wadda kashi 96 cikin ɗari iskar kabon ce, irin wadda gawayi ke fitarwa in ya ci wuta, mai nauyin da ya ninka na iskarmu wajen sau 90. Ɗabi'ar wannan iska ita ce ta bar haske ya shiga, amma in ƙasa ta ɗumama ta so mayar da zafin, sai ta tare shi, tamkar bargon da ba ya haifar da ɗumi da kansa, sai dai ya hana na jiki fita. Kumbon Tarayyar Soviet mai suna Venera 7, da ya sauka can ranar 15 ga Disamba 1970, minti 23 kacal ya yi yana aiko da saƙo daga doronta. Venera 13 a 1982 ya jure minti 127, aka kuwa lissafa hakan babbar nasara.

Manomin fadamar Gulbin Maraɗi ya san wannan hikima a jikinsa, ko da bai karance ta ba, domin tururin ruwa ma yana tare zafi: daren damina mai hadari yakan kwana da gumi, daren hunturu kuwa, da iska ta bushe ƙayau, ɗumin yini kan gudu kafin asuba. Mirrihu ma iskarsa kabon ce, kashi 95 cikin ɗari, amma siririya ce ƙwarai, matsinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, saboda haka ɗan zafi kaɗan kawai take iya riƙe masa.

Wani masanin Faransa, Joseph Fourier, shi ne ya fara bayyana a 1824 cewa iskar ƙasa na riƙe zafi, kuma lissafin da aka yi bayansa ya nuna cewa matsakaicin zafin duniyarmu, wanda yake wajen digiri 15, da zai sauka zuwa 18 ƙasa da sifiri in babu tururin ruwa da ɗan kabon da ke cikinta. Wannan tazara ta digiri 33 ita ce ta sa ake noma gero da dawa a Ɗan Issa, ake kuma su a tafkin Madarunfa.