Me Ya Sa Masu Saƙar Hannu Suke Gudun Keken Saƙa?

A Hausa, kalmar "saƙa" ta ƙunshi aikin masaƙin tufafi, ta kuma ƙunshi wanda ake yi da zaren ulu da tsinke ko kwarashi. A kan na biyun zan yi bayani, domin shi nake yi bayan lacca. Hular jariri takan ɗauke ni kwana biyu, suwaita kuwa mako biyu. Mai keken saƙa za ta iya gama suwaitar a yini guda. To, me ya hana irinmu komawa ga keke?

Da farko, tsinke da zare suna shiga jaka, ana yi ana hira, amma keke sai an kafa shi a tebur. Na biyu, yana da tsada, mai gyaransa kuma ba ya samuwa ko'ina. Na uku, yatsa yana jin tsauri ko sassaucin zare, ya daidaita nan take.

Wannan ɗari-ɗari ba sabo ba ne. William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila a 1589. A 1811 masaƙan Nottingham suka farfasa irin waɗannan injuna, saboda masu masana'antu suna rage musu lada.

Matsalarmu a yau ita ce farashi. Suwaitar gwanjo ta fi tamu araha, mai saye kuma ba zai biya wahalar mako biyu ba. Shi ya sa yawancin abin da nake saƙawa yakan zama kyautar ranar suna, ba haja ba.