Yawan gwaji ba shi ne kulawa ba

Sau da yawa uwa kan shigo da yaro a goye, jikinsa zafi rau, tun kafin likita ya taɓa shi ta ce: “Likita, don Allah a yi masa gwajin maleriya da taifot.” In ya rubuta ɗaya kawai, sai ta fita tana ganin an yi mata rowa. Alhali gwaji tambaya ce da likita ke yi wa jikin yaro, kuma amfaninta shi ne amsar ta nuna maganin da za a bayar.

Gwajin maleriya yana kan hanya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da cutar kafin a ba da magani. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. In babu maleriya, sai likita ya duba kunne, maƙogwaro ko fitsari.

Matsalar tana ga gwajin taifot da ake kira Widal, wanda wani likitan Faransa ya ƙirƙiro a 1896. Ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. Don haka yaron da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar a baya, ko mai maleriya, yana iya nuna alamar taifot alhali babu. Daga nan sai a ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, kuɗi su tafi, ƙwayoyin su koyi bijire wa magani. Abin da ya fi tabbatar da taifot shi ne a raini ƙwayar daga jini tsawon ’yan kwanaki.

Mura da tari kuwa galibi ba sa buƙatar ɗibar jini. Likita kan ƙirga numfashi: ga ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 a minti, ana zargin limoniya.

Amma akwai inda jinkiri ke da haɗari. Yaron da tafin hannunsa ya yi fari, a auna yawan jininsa. Mai kumburin hannu da ƙafa, a yi masa gwajin sikila. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi zazzaɓi, a garzaya da shi asibiti.

Iyaye, kafin a soki yatsan ɗanku, ku tambayi likita: me wannan gwajin zai nuna, kuma zai sauya maganin?