Karas da Ƙaras-ƙaras: Baƙon da Ya Saje da 'Yan Gida

Da zarar hunturu ya kankama, baro-baro na karas kan cika bakin titunan Kano da Zariya da Jos. Duk wanda ya gatsi ɗanyensa ya ji ƙaras-ƙaras a baki yana iya ɗauka cewa daga wannan ƙara sunan ya fito. Kamar da wane dai ba ta wane. Karas kalmar aro ce daga Turanci, kuma da k ake rubuta ta. Ƙaras-ƙaras kuwa Hausa ce tsantsa, daga ajin kalmomin da masana nahawu ke kira amsa-kama, dangin garas-garas na ɗanyen goro da ƙurus-ƙurus na ƙuli-ƙuli.

Launinsa ma yana da tarihi. An noma karas a yankin Farisa da Afganistan tun wajen ƙarni na 10, kuma a lokacin shunayya ne ko rawaya. Mai ruwan goron da muka saba da shi manoman ƙasar Holan ne suka inganta shi a wajen ƙarni na 17, daga can ya bazu a duniya. A yau Sin ce ta fi kowace ƙasa noma shi.

Sai batun ido. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Birtaniya ta yayata cewa cin karas na taimaka wa mutum ya gani cikin duhu, har aka danganta nasarar matuƙan jiragen yaƙinta na dare da shi, alhali na'urar rada ce ke nuna musu jiragen Jamus. Farfagandar ta yi tasiri domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Karas na ɗauke da sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, kuma ƙarancin wannan bitamin ne ke jawo dundumi. Saboda haka yaron da abincinsa ya rasa bitamin A zai amfana ƙwarai, musamman idan an dafa karas ɗin da ɗan mai, domin jiki ya fi tsotsar sinadarin ta haka. Mai lafiyayyen ido kuwa, ko buhu ya cinye ba zai zama mujiya ba.

Abin da ya kamata ya dame mu a nan shi ne ƙugiyar da ke kan harafin ƙ. Matasa da dama sun daina sa ta a saƙonnin waya, wasu jaridu ma sun bi sahu. Idan ƙugiya ta faɗi, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ƙaras ya koma karas. Malaman Hausa na da darasi mai sauƙi a hannunsu: a miƙa wa ɗalibi karas ya gatsa, sannan a ce ya rubuta a allo sunan abin da ya ci da kuma ƙarar da ya ji.